Dolly Parton: murya ce ta kai ta nan, ko alƙalami, ko sanin kasuwa?

Abban_Sadiya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun da mijin Dolly Parton ya rasu a watan Maris na 2025 ake ta yawo da hotunanta, kuma galibin masu tankawa gashinta da kwalliyarta suke kallo. Ni wani abu daban nake so mu tattauna. An haifi matar nan ranar 19 ga Janairu 1946, a gida mai ɗaki ɗaya cikin tsaunukan gabashin jihar Tennessee. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12, ubanta ƙaramin manomi ne da bai iya karatu da rubutu ba, har likitan da ya karɓi haihuwarta da buhun garin masara aka sallame shi. Yau ga ta da waƙoƙi 25 da suka hau lamba ɗaya a jadawalin kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, ga dukiya, ga suna har ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba.

Ra'ayina shi ne ba murya ce ta kai ta nan ba. Masu zaƙin murya sun cika birnin Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, kuma da yawansu sun mutu ba su ajiye komai ba. Abin da ya raba ta da su shi ne da hannunta take rubuta waƙa, kuma ta ƙi sakin mallakar abin da ta rubuta. Wa ya yarda, wa bai yarda ba?

Maikaset_SabonGari:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ban yarda ba. Na yi sana'ar sayar da kaset tun ina saurayi, kuma masu zuwa neman Dolly Parton da Don Williams da Kenny Rogers da Jim Reeves mafi yawansu ba Turancin suke bi ba. Direban tirela zai tsaya ya ce a ba shi matar nan mai siririyar murya. Bai san wa ya rubuta ba, bai damu da ya sani ba. Muryar ce ke shiga ransa, wannan rawar da take yi a maƙogwaro kamar za ta fashe da kuka. In da alƙalami ne kawai, da a Amurka za ta tsaya, ba za ta iso tashar mota a nan ba.

Talatu_Jos:
Ina bayan Baba Maikaset. A gidanmu kowace Lahadi in an taso daga coci sai Babanmu ya sa faifanta. Kuma ku tuna a coci ta koyi waƙa, kakanta na wajen uwa, Jake Owens, fasto ne. Duk wanda ya tashi da waƙoƙin sujada zai ji wannan a muryarta.

Malam_Isa_Zariya:
Bari in shimfiɗa farkon labarin don mu san kan me muke gardama. Kawunta Bill Owens ne ya fara riƙe hannunta, ta kuma samu jita ta gaske tana shekara 8. Tana shekara 10 ta fara fitowa a shirin Cas Walker a garin Knoxville, wani mai kantunan kayan abinci da ke ɗaukar nauyin shiri a rediyo da talabijin. Tana 13 ta hau dandalin Grand Ole Opry, babban dandalin mawaƙan kantiri a Nashville, kuma Johnny Cash ne ya gabatar da ita. A 1964 ta gama sakandare, washegari ta hau bas sai Nashville.

Ga inda maganar Abban Sadiya ke da ƙarfi: da ta isa can ba a matsayin mawaƙiya aka fara saninta ba. Kamfanin Monument da ya ɗauke ta ma yana ganin muryarta ta yi ƙanƙanta ga kantiri, sai ya tura ta waƙoƙin matasa, ba su kuma karɓu ba. Sai a 1966 wata waƙa da ita da kawunta suka rubuta, Bill Phillips ya rera, ta shiga cikin goman farko. Daga nan kamfanin ya sakar mata mara ta yi kantiri. Ke nan rubutu ne ya buɗe wa muryar ƙofa.

Maikaset_SabonGari:
Malam, ƙofa daban, zama cikin ɗaki daban. A wannan waƙar ta Bill Phillips ai akwai muryarta tana amshi a baya, ba a ma sa sunanta ba, kuma mutane suka yi ta tambayar wace ce wannan. Ka ga ko a nan murya ta yi aikinta.

Ummu_Khalid:
Ni dai ku yi haƙuri, akwai abin da ke tsaya mini a rai. Duk alherin da ake faɗa na ji, amma shigarta ba abin da zan nuna wa 'yata ba ce. Hular gashi, matsattsun kaya, gyaran jiki a asibiti. Me ya sa mace mai wannan basira sai ta bi ta wannan hanya?

Yar_Damagaram:
Anti, ita kanta ba ta ɓoye ba. Ta sha faɗa cewa tana yarinya akwai wata mata a garinsu da kowa ke zagi saboda jan baki da dogon takalmi, ita kuwa a idonta babu wadda ta kai ta kyau, sai ta ce in ta girma haka za ta zama. Yarinya ce da ta tashi ba wutar lantarki, ba famfo, suna kwana uku ko huɗu a gado ɗaya. Ban ce mu kwaikwaya ba, al'adarmu da addininmu daban. Amma ina ganin kwalliyar talaka ce da ya samu bayan ya rasa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda aka riƙa raina ta saboda hakan. Ko tunkiyar nan da masana suka samar a Scotland a 1996 daga ƙwayar halittar hantsar wata tunkiya, sunanta suka sa mata saboda surar jikinta. Matar da ta rubuta waƙa wajen 3,000, wannan ne abin da suka tuna da ita.

Ummu_Khalid:
Na ji ki ƙanwata. Raini ba kyau. Amma ra'ayina kan shigar yana nan.

Sani_Studio:
Ku bar ni in yi magana a matsayin wanda waƙa ce abincinsa. Labarin da ya kamata duk mawaƙi ya haddace shi ne na Elvis Presley. Bayan "I Will Always Love You" ta hau lamba ɗaya a 1974, Elvis ya so ya rera ta. A lokacin babu wanda ya kai shi suna a duniyar waƙa, marubuci in Elvis ya ɗauki waƙarsa ya haye. An shirya komai, har an gayyace ta ta zo ta kalli ɗaukar. Ana gobe za a shiga situdiyo sai manajansa, Kanar Tom Parker, ya bugo ya ce ƙa'idarsu ita ce sai an ba su rabin mallakar waƙar. Ta ce a'a. Ta ce ta kwana tana kuka, amma ba ta sa hannu ba.

Shekara 18 bayan haka, a 1992, Whitney Houston ta rera waƙar a fim ɗin The Bodyguard. Sati 14 tana lamba ɗaya a babban jadawalin Amurka. Duk rediyon da ya sa, duk faifan da aka sayar, kason marubuci da na mai mallaka yana tafiya wurin Dolly. Da ta ba da rabi, da rabin wannan kuɗin ya bi wata hanya har abada.

Ni na taɓa rubuta waƙa, wani mai shirya fim ya ba ni abin da bai fi kuɗin cefanen sati ba, muka yi musabaha, ba takarda. Waƙar ta zaga gidajen biki, aka ɗora ta a intanet da sunan wani, har yau ko sisi ban ƙara gani ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Shi ya sa in na ji ana gardamar murya sai in ce murya tana tsufa, takarda ba ta tsufa.

Abban_Sadiya:
Sani, Allah ya mayar maka da alheri. Abin da nake nufi ke nan.

Barista_Hauwa:
Ƙarin haske kan abin da Sani ya faɗa. A tsarinsu waƙa ɗaya haƙƙi biyu gare ta. Akwai haƙƙin rubutun, wato baitoci da karin sauti, akwai kuma haƙƙin ɗaukar da aka yi a situdiyo, wanda galibi na kamfanin faifai ne. Na farkon shi Dolly ta riƙe. Kuma ba ranar da Parker ya bugo waya ta fara tunanin ba. Tun tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai ita da kawunta suka kafa kamfanin kula da waƙoƙinsu mai suna Owe-Par. Da ba ta da wannan kamfani, da ba ita za a tambaya ba ma, wani ne zai sa hannu a madadinta. Sani, mu ma a Najeriya muna da dokar haƙƙin mallaka, an ma sabunta ta a 2022. Matsalar ita ce yarjejeniyar baka, wadda in an je kotu tabbatar da ita wahala ne.

Dan_Maradi:
To amma wa take wa wannan waƙar ta "I Will Always Love You"? Ni duk a zatona mijinta ne.

Malam_Isa_Zariya:
Ba mijinta ba ne, maigidanta ne a sana'a, Porter Wagoner. A 1967 ya ɗauke ta a shirinsa na talabijin, ta maye gurbin wata mawaƙiya Norma Jean da masu kallo ke matuƙar so. Da farko in ta fito sai jama'a su riƙa kiran sunan waccan. Porter ya tsaya mata, ya riƙa yin waƙa tare da ita har aka saba, ya kai ta kamfanin RCA. A hannunsa ta samu lamba ɗaya ta farko ita kaɗai, da "Joshua" a 1971. Sai dai shi mutum ne mai son a bi abin da ya ce, ita kuma tana da nata tunanin. Shekara biyar ta yi niyyar yi, ta yi bakwai. Duk sanda ta ɗauko maganar tafiya sai rigima. Shi ne ta je gida ta rubuta waƙar, da safe ta shiga ofishinsa ta rera masa. Ta ce ya yi hawaye, ya ce ta tafi, da sharaɗin shi zai shirya ɗaukar waƙar. Sun rabu a 1974. A 1979 ya maka ta a kotu yana neman dala miliyan 3 kan saɓa yarjejeniya, aka sasanta a waje, ta biya shi.

Alhaji_Garba_Gusau:
To a nan ni ina tare da Porter. Mutum ya ɗauko ki ba wanda ya san ki, ya sa ki a talabijin da miliyoyi ke kallo, da kika yi fiffike sai ki tashi? Ko a kasuwa yaron shago ba ya tafiya sai maigida ya sallame shi. Ana ta yabonta, amma a faɗi gaskiya, ba don shi ba da wataƙila ba mu san ta ba.

Barista_Hauwa:
Alhaji, da girmanka, shekara bakwai ta yi masa, kuma shi ma ya ci riba. Waƙoƙin da suka yi tare sun sayu, sun karɓi kyaututtuka tare, shirinsa ya ƙara farin jini. Ba gudu ta yi da dare ba, ta nemi sallama ya hana. Kuma dubi ƙarshen. A 2007 da ake bikin cikarsa shekara 50 a Opry, ta hau dandali ta rera masa waƙar nan yana zaune a gabanta. A watan Oktoba na shekarar ya rasu da cutar dajin huhu, tana cikin waɗanda suka je bakin gadonsa. Mai butulci ba ya yin haka ga wanda ya kai shi kotu.

Alhaji_Garba_Gusau:
Wannan na ƙarshen ya yi kyau, Barista. Amma har yanzu ina ganin rawar da ya taka ba a faɗinta yadda ya kamata.

Talatu_Jos:
Ni waƙar da ta fi taɓa ni ita ce "Coat of Many Colors" ta 1971. Labarin gaske ne. Sanyi ya shigo ba ta da rigar sanyi, uwarta Avie Lee ta tattara ƙyallayen da aka ba su ta ɗinka mata, tana ɗinki tana ba ta labarin Yusufu da rigarsa. Yarinya ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi ta yi mata dariya. A cikin motar tafiya wasa ta rubuta ta, ba takarda a kusa, sai a bayan rasit ɗin wankin kayan Porter. Duk wanda ya taɓa zuwa makaranta da kayan da aka rage masa na yayansa ya san wannan ciwon. Ita da kanta ta ce a cikin waƙoƙinta wannan ta fi so.

Malam_Isa_Zariya:
Talatu, don masu karatu su bambance: rigar mai launuka iri-iri a Littafi Mai Tsarki take. A Alƙur'ani an ambaci rigar Annabi Yusuf, alaihis salam, a wurare masu muhimmanci na ƙissar, amma ba a siffanta ta da launuka ba. Sannan ki lura, da kika tashi yabo labarin kika yaba, ba muryar ba.

Talatu_Jos:
Malam, ai in wani ya karanta mini baitocin a takarda ba zan yi kuka ba. Sai ita ta rera.

Bashir_Kamaru:
Ni fa ina ganin ana zuzuta ta fiye da kima, an manta waɗanda suka share hanya. Kitty Wells ce mace ta farko da ta hau lamba ɗaya ita kaɗai a kantiri, tun 1952. Patsy Cline ta fi ta murya nesa ba kusa ba, haɗarin jirgin sama ne ya ɗauke ta a 1963 tana shekara 30. Loretta Lynn kuwa, 'yar mai haƙar kwal daga Kentucky, an yi mata aure tana 15, ta haifi huɗu kafin ta fara waƙa, kuma ta fi Dolly ƙarfin hali wajen faɗa wa maza gaskiya. A 1975 ta fitar da waƙa kan maganin tazarar haihuwa, gidajen rediyo da dama suka ƙi sawa. Dolly kuma da ta ga kuɗi a ɓangaren pop sai ta karkata can daga 1977, masoyan kantiri na asali suka ce ta yar da su.

Yar_Damagaram:
Yaya Bashir, ba a musa girman Loretta, amma ka koma ka saurari Dolly ta farko. A 1968 ta yi "Just Because I'm a Woman", mace na tambayar mijinta me ya sa kuskurenta na baya ya fi nasa nauyi alhali abu ɗaya suka yi. A 1970 ta yi "Down from Dover", yarinya ce aka yi wa ciki aka gudu, iyayenta suka kore ta, ta haihu ita kaɗai jaririyar ba rai. Wannan ba waƙar mai neman kuɗi ba ce. Murmushin da kwalliyar ne suka rufe wa mutane ido, ba su ga yawan baƙin cikin da ke cikin rubutunta ba.

Kuma komawa pop ai ta dawo. A 1987 ta yi faifai da Linda Ronstadt da Emmylou Harris, kantiri tsantsa. A 1999, lokacin da rediyo ya daina sa tsofaffin mawaƙa, ta koma kiɗan tsaunukansu na banjo da goge ta fitar da The Grass Is Blue a wani ƙaramin kamfani, ya kuma ci Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka.

Sani_Studio:
Tun da an ambaci banjo: asalinsa namu ne na Afirka ta Yamma. Bayin da aka kwashe ne suka ƙera shi a can da ƙwarya da fata, kuma masu bincike suna danganta shi da kayan kiɗa irin su akonting na ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya. Duk wanda ya san gurmi in ya ga tsohon banjo zai gane dangi ne. Wataƙila shi ya sa kiɗan bai yi wa kunnenmu baƙunta ba. Abin takaicin shi ne baƙar fata sun daɗe a gefe a wannan fanni. Sai 1969 mace baƙar fata ta farko, Linda Martell, ta hau dandalin Opry ita kaɗai.

Bashir_Kamaru:
Yawwa. Kuma Dolly tana da wurin cin abinci da wasan dawaki da ke nuna yaƙin basasar Amurka kamar wasa, Kudu da Arewa suna gasa, da kalmar Dixie, laƙabin jihohin Kudu da suka yi yaƙi don riƙe bauta, a sunansa. Sai 2018 ta cire kalmar.

Barista_Hauwa:
Gaskiya ne, kuma an soke ta a kai. Ta ce da aka nuna mata yana ɓata wa mutane rai sai ta cire. A 2020 ta fito ta goyi bayan masu cewa ran baƙar fata yana da daraja, abin da mawaƙan kantiri da yawa suka kauce wa. Ta kuma ce wani ɓangare na kuɗin da ta samu daga rerawar Whitney ta sayi gini da shi a unguwar baƙar fata a Nashville. Amma siyasar jam'iyya ba ta shiga, wasu na ganin hikima ce, wasu na ganin tsoron rasa kasuwa ne.

Hajiya_Bintu:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni abin da ya ja ni gare ta ba waƙa ba ce. Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma na san abin da mace ke ji in ana taron suna ana kallonta. Ita ma ba ta haihu ba. A shekarun 1980 ta yi fama da ciwon mahaifa har aka yi mata aiki, ta kuma faɗa da bakinta cewa ta shiga matsananciyar damuwa a lokacin. Amma ta riƙe ƙannenta da dama a gidanta, kuma mijinta Carl Dean bai juya mata baya ba. Ranar da ta sauka Nashville suka haɗu a ƙofar wani shagon wanki, suka yi aure 30 ga Mayu 1966 a garin Ringgold na jihar Georgia, a ɓoye, don kamfaninta ba ya so ta yi aure a lokacin. Shi sana'arsa shimfiɗa kwalta, ba ya son taro, ba ya son kyamara, har wasu suka riƙa cewa babu shi. Kusan shekara 59 suna tare har ya rasu yana da 82. In na ga yaran da ake aika wa littafi da sunanta sai in ji sanyi a raina.

Ummu_Khalid:
Hajiya, Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya sanyaya zuciyarki. Wannan ɓangaren na rayuwarta ban san shi ba.

Malama_Rabi:
Amin. Maganar littafi kuwa fagena ne, ni malamar firamare ce. A 1995 ta fara shirin Imagination Library a ƙaramar hukumarsu ta Sevier, saboda mahaifinta da bai iya karatu ba. Duk yaron da aka yi wa rajista, daga haihuwa har ya cika shekara 5, kowane wata littafi zai zo masa ta gidan waya da sunansa a jiki, kyauta, ko iyayensa masu kuɗi ne ko talakawa. Wannan na ƙarshen da gangan ne, don kada ɗan talaka ya ji an ware shi. Yanzu shirin yana Amurka da Kanada da Birtaniya da Ostireliya da Ireland. A 2018 suka kai littafi miliyan 100, a 2023 suka wuce miliyan 200. Mahaifin ya ga farkon abin kafin ya rasu a 2000.

Kafin wannan ma akwai wani da ya fi burge ni. Ta tara 'yan aji bakwai da takwas na yankinsu, ta ce kowa ya zaɓi aboki, in dukansu biyu suka gama sakandare za ta ba kowanne dala 500. Masu barin makaranta a waɗannan azuzuwan suka ragu daga kashi 35 cikin ɗari zuwa 6. Ta gane cewa yaro ya fi jin maganar abokinsa. Ni a ajina akwai yaran da ba su taɓa riƙe littafin da yake nasu ba.

Injiniya_Bala:
Malama, gyara kaɗan don kada a ɗauka duk daga aljihunta ne. Gidauniyarta ce ke zaɓen littattafai da tafiyar da tsarin, amma kuɗin littafi da na aikawa ƙungiyoyin gari da gwamnatocin jihohi ne ke biya a yankunansu. Haka gobarar daji ta 2016 a Gatlinburg, wadda ta kashe mutum 14: iyalai wajen 900 sun samu dala 1,000 duk wata har wata biyar, na ƙarshe dala 5,000, jimla 10,000 kowane gida, amma da gudummawar jama'a aka haɗa. Haka rigakafin korona. Ta ba asibitin jami'ar Vanderbilt dala miliyan 1 a 2020, wani ɓangare ya shiga binciken farko na allurar Moderna, amma kuɗin gwamnatin Amurka a wannan allura biliyoyi ne. Ban faɗa don in rage ta ba. A ganina wannan ne ma gwanintarta, ta san yadda za ta sa sunanta ya jawo kuɗin wasu zuwa inda ake buƙata.

Dan_Maradi:
To wurin shaƙatawar nan Dollywood fa, nata ne ita kaɗai?

Injiniya_Bala:
A'a. Wurin yana nan tun kafin ta shigo, iyalin Herschend ke tafiyar da shi a Pigeon Forge. A 1986 ta shiga haɗin gwiwa da su aka sa sunanta. Yanzu kusan mutum miliyan 3 ke zuwa a shekara, kuma babu mai ɗaukar ma'aikata kamarsa a ƙaramar hukumar da aka haife ta. Da ta so da ta zuba kuɗin a California, sai ta kai gida.

Abban_Sadiya:
Kun ga duk mun zagayo wuri ɗaya. Littattafai, Dollywood, taimakon gobara, da me aka fara su? Da kuɗi da sunan da waƙoƙin da ta mallaka suka kawo. Ko da ta shiga fim a 1980 tare da Jane Fonda da Lily Tomlin, sharaɗinta shi ne ita za ta rubuta waƙar fim ɗin. A wurin ɗaukar ta riƙa goga farcenta na kanti da juna, ta ji yana ƙara irin ta tafireta, a kan wannan sautin ta gina "9 to 5", ta kuma hau lamba ɗaya. Da wata ce, da ta karɓi kuɗin fitowa ta tafi gida.

Maikaset_SabonGari:
Alhaji, to amsa mini wannan. "Islands in the Stream" da ta yi da Kenny Rogers a 1983, wadda na sayar har na gaji, 'yan Bee Gees ne suka rubuta. "Here You Come Again" da ta buɗe mata kasuwar pop a 1977, ita ma ba ita ta rubuta ba. Ina alƙalamin a nan? Kenny Rogers da kansa ya ce ya yi kwanaki yana fama da waƙar har ta fita ransa, sai da aka kira Dolly ta shigo situdiyo sannan ta tashi.

Sani_Studio:
Baba, gaskiyarka a waɗannan biyun. Amma "Jolene" fa? Tun 1973 ake sake rera ta, har Beyoncé ta yi tata a 2024, kuma kowane sabon rerawa kuɗi ne ke shiga wurin wadda ta rubuta ko tana barci. Waɗancan biyun kuwa kason marubuci na wasu ne.

Maikaset_SabonGari:
Kai kana lissafin abin da ya shiga asusunta, ɗana, ni ina lissafin abin da ya sa mutum ya ciro kuɗinsa ya saya. Ba tambaya ɗaya muke amsawa ba.

Malama_Rabi:
Injiniya, tun da ka san tsarin, in an samu ƙungiya a gari ɗaya da za ta ɗauki nauyin buga ƙananan littattafan Hausa, ta yaya za a kai su hannun yara tun da ba kowane gida ke da adireshin gidan waya ba? Ni tunanina ya tafi kan asibitocin da ake kai jarirai rigakafi, don uwa tana zuwa can da katin yaro a hannu.

Injiniya_Bala:
Malama, hakan zai fi gidan waya aiki a wurinmu, sai dai zuwa rigakafi yana raguwa bayan yaro ya wuce shekara ɗaya, ke kuma kina son har shekara 5. Sai an haɗa da makarantun allo da Islamiyya da masu unguwanni. Ki fara lissafa kuɗin buga littafi ɗaya mai shafi 16 da launi, daga nan za a san yara nawa za a iya ɗauka a shekarar farko.